Tsutsar Hop da Gorar Fiya-fiya

Ƙarfe biyar da kwata na yamma ne, ranar Asabar, a kicin ɗin gidanmu na Gorton a Manchester. Mu huɗu ne a wurin: ni, da mahaifiyarku Hajara, da ƙaninta Isa wanda kuke ce wa Kawu, sai ke Ummi kina gefen tebur kina aikin makaranta. Abdul yana waje wurin ƙwallo, saboda haka duk abin da yake cewa ya gani a ranar, ji ya yi. Ni da Isa mun iso daga Birmingham bayan azahar, kowa da jakar kayan wankinsa kamar yadda muka saba. Hajara ta zazzage tawa cikin injin wanki, ta buɗe ta Isa, ta ɗaga rigar aikinsa, sai ta tsaya. Ta kai ta kusa da hanci, ta yi saurin janyewa.

"Isa, wannan warin fa? Na san shi."

"Warin aiki ne, Yaya. Mijinki ba ya gumi, shi ya sa kika manta yadda yake."

"Ba gumi ba ne. Warin ɗakin da Baba ke ajiye wake ne."

Na karɓi rigar na shinshina. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san warin fiya-fiya, gubar nan da ake sayarwa a kasuwa cikin gora babu suna babu takarda, ana yayyafa wa sauro da kuɗin cizo da buhunan wake. A Malumfashi na sha ganin an ɗauki mutum ranga-ranga saboda ita. Ban taɓa zaton zan ji warinta a ƙasar nan ba, balle a jikin rigar da ake shiga gonar Bature da ita. Girbi kuwa saura 'yan kwanaki. Na ce miki, Ummi, ki kwashi littattafanki ki hau sama.

Kun girma kuna jin cewa ni na sa aka kori kawunku daga aiki. Gaskiya ne, ni na sa. Abin da ba ku ji ba shi ne yadda aka yi har aka kai can, kuma zan bi shi daki-daki, don ba na son labari mai tsallake.

Gonar tana can ƙauye, yamma da Birmingham, tafiyar kusan awa ɗaya a mota. Hop ake nomawa. Shuka ce mai yaɗo kamar wake, sai dai hawa igiya take yi, kuma gindinta yana nan a ƙasa shekara da shekaru, duk bazara ya sake fito da sabon tsiro. Furenta, wani kore-kore mai ɗaci da ƙamshi, shi ake busarwa a sayar wa masu yin giya. Na san abin da kuke so ku tambaya. Na tambayi malamai kafin ku tambaye ni, wani ya ce in bari, wani ya ce in nemi wani aikin ina yin wannan, na ɗauki ta biyun. Wannan tsakanina ne da Ubangijina. A lokacin babu inda zai ɗauki mutum mai takardar firamare sai gadi da wanke-wanke, ni kuwa noma na iya. Ina kwana a wani ɗaki a unguwar Sparkbrook ta Birmingham daga Lahadi zuwa Juma'a, motar gona ta kwashe mu a bakin Stratford Road da sassafe, weekend in dawo muku Manchester.

Maigonar, Mista Roger, dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya yarda da ni saboda ba na makara kuma ba na barin kayan aiki a inda ba wurinsu ba. Da Isa ya zo ƙasar nan ya rasa abin yi, ni na je na tsaya a gabansa na ce ga ɗan'uwana, ni ne jinginarsa. Ya ɗauke shi, har ya shige masa gaba a maganar takardun zama, ta yadda zaman Isa a ƙasar nan ya rataya ga aikin gonar. Ku riƙe wannan, don shi ne gindin komai. Isa yaro ne mai zafin nama da ban dariya, kowa a motar nan yana son sa. Ni yake ce wa Sajan, wai ko cokali sai na jera shi a layi. A shekararsa ta biyu Mista Roger ya ba shi wani yanki shi kaɗai, a can ƙarshen gona kusa da rafi, inda aka shuka gajeren iri wanda bai fi tsayin mutum da miƙa hannu ba. Ya ce masa in ya riƙe shi da kyau har girbi, zai mayar da shi ma'aikacin dindindin.

Yanzu maganar tsutsa. Da bazara, bayan mun gama naɗa tsiro a jikin igiya, na fara ganin wasu a yankina sun yanƙwane daga sama, kamar an zuba musu ruwan zafi, alhali ƙasa da danshi. Na durƙusa na duba gindin ɗaya, na ga wani ɗan rami da abu kamar dusa a bakinsa. Na sa wuƙa na tsaga karan. Ga ta nan kwance, launin nama da jan layi a bayanta, kanta ruwan ƙasa, ta cinye cikin karan ta bar ɓawo. Na ce a raina ai wannan tsutsar kara ce irin ta dawarmu. Na kai wa Mista Roger a tafin hannu, na ce masa maganinta a wurinmu shi ne a ƙone busasshen kara bayan girbi, don a ciki take kwana har damina ta dawo. Ya juya ta da yatsa, ya girgiza kai.

"Wannan ba ta kwana a kara, Haruna. Zo ka gani."

Ya kai ni bakin shinge, ya nuna min doguwar ciyawar da ke wurin, mai kama da kiri-kiri. Ya ce uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. Da kaka take zuwa ta jera ƙwai a jikin ciyawar nan. Ƙwan ya sha sanyin hunturu bai mutu ba, da bazara ya ƙyanƙyashe. Tsutsar tana ƙarama ta fara da cin ciyawar, in ta yi mata kaɗan sai ta rarrafa ta nemi kara mai kauri, ta huda, ta shige, ta yi ta ci tana gangarawa har cikin gindi. In ta ƙoshi ta fita ta shiga ƙasa, ta rikiɗe, ta fito da fukafukai, ta koma wa ciyawar. Ya ce da zarar ta shige kara, feshi ba ya samun ta, ko wane iri ne. Abin yi a wannan shekarar shi ne a bi layi-layi, a yanke wanda ya yanƙwane, a tsaga a kashe ta, a naɗa wani tsiron a gurbinsa. Maganin baɗi kuwa a ciyawa yake. Na ji daɗin bayanin, don abu ne mai farko da tsakiya da ƙarshe. Na maimaita wa Isa shi a mota, yana ta gyaɗa kai yana cin biskit.

"Sajan, nawa yankin lafiya lau. Tsutsa ta san gonar da za ta shiga."

Wannan magana ta tsaya min. Yankinsa ne ya fi kowanne kusa da ciyawa, ta gefen shinge da ta gefen rafi. In akwai inda tsutsa za ta fara sauka, can ne. Amma kowa da aikinsa, kuma ni ba mai leƙen gonar wani ba ne. Sai ya fara cewa ba zai biyo ni Manchester ba wasu weekend ɗin, wai zai tsaya ya duba ban ruwa, Mista Roger har yabonsa yake yi. Can tsakiyar rani na bi ta yankinsa ɗauko wata igiya, na ga abin da ban gane ba. Ganye ya yi baƙi, ya yi danƙo, darɓa ta lulluɓe bayansa. A nawa yankin ma akwai darɓa, amma jajayen ƙwarin nan masu ɗigo baƙi, waɗanda kuke ce wa ladybird, suna nan birjik suna cinye ta, kuma Mista Roger ya sha gaya mana cewa su ma ma'aikatansa ne, kada a taɓa su. A yankin Isa na juya ganye bayan ganye ban ga ko ɗaya ba. Babu gizo-gizo, babu ƙudan zuma. Wurin ya yi tsit. Shi kansa Isa ya fara yawan ciwon kai, yana gumi da safe lokacin da muke rawar sanyi, ya rage dariya. Na ɗauka gajiya ce. Sai ranar da Hajara ta ɗaga rigar nan duk abin ya haɗu a kaina.

Na ce masa mu fita bayan gida. Kun san tsakar gidan Gorton, tsakanin katanga da katanga bai fi shimfiɗa tabarma biyu ba, kuma maƙwabta na jin komai, saboda haka a hankali muka yi maganar. Hajara ta biyo mu ta jawo ƙofa.

"A ina ka samo ta?"

"Wace?"

"Isa, ba na son in tambaya sau biyu."

Ya dubi ƙasa. Ya ce a cikin kayan kago da aka aiko daga gida ta zo, tare da kuka da daddawa, wani abokinsa ya sako masa gora biyu saboda kuɗin cizon da ke ɗakinsa. Ya ce tsutsar ta shiga yankinsa tun kafin ta shiga nawa, kuma ta fi yawa. Ya ji tsoron in Mista Roger ya gani zai ce bai iya ba. Ya riƙa yanke waɗanda suka yanƙwane yana cusa su cikin shinge, in kowa ya tafi weekend sai ya ɗauki famfon feshi na goyo ya haɗa da ruwa ya bi layi. Da darɓa ta taso sai ya ƙara. Na tambaye shi yaushe ne na ƙarshe. Ya ce shekaranjiya da yamma, bayan an tashi, ya ce wa direba zai taho a bas.

"A kan furen?"

"A kan komai."

Hajara nas ce, kun sani. Ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen haske, ta buɗe masa ido da yatsa.

"Malam, dubi ƙwayar idonsa. Ta tsuke kamar kan allura. Isa, kana sa safar hannu? Kana rufe hanci?"

"Yaya, a gida ma wa yake sa wa?"

Na ce masa ranar Litinin injin girbi zai fara, kuma da yankinsa za a fara, don irin nasa ne ke riga nuna. Za a yanke, a tsinke furen, a busar, a haɗa shi da na sauran gonar a matse cikin manyan buhuna, a tura wa masu saye. Daga nan babu mai iya raba wannan da wancan. Kuma ba ni, ba shi, ba wanda ya sayar da gorar, babu wanda ya san abin da ke cikinta.

"Kafin nan ta bi iska, Sajan. Kuma ma, giya fa za a yi da shi. Mene ne naka a ciki? Kai da ko warinta ba ka so."

"Mutane ne za su sha."

"Masu shan giya."

"Mutane na ce."

Hajara ta shiga tsakani. Ta ce in dubi Allah. Ta ce in aka kore shi takardunsa sun mutu, kuma wannan ba maganar kora kaɗai ba ce, maganar 'yan sanda ce. Ta ce ranar da zai taho, uwarsu ta kama hannunsa ta ce ta damƙa mata shi. Ta ce mu kai shi wurin likita ranar Litinin a ce ya shaƙi wani abu ne a ɗaki, a zubar da gorar, magana ta mutu. Ban taɓa jin ta roƙe ni abu da irin wannan muryar ba, kafin nan ko bayan nan. Na ce mata zan ba shi dama ɗaya: shi da bakinsa ya gaya wa Mista Roger kafin a tayar da injin, ni kuma in tsaya a gefensa in roƙa masa. In bai faɗa ba, zan faɗa.

Ranar Lahadi muka koma Birmingham a doguwar bas, kujera ɗaya. A Sparkbrook na ce ya nuna min sauran. Gidan da muke haya na wani mai shago ne, shi da iyalinsa a ƙasa, mu a sama, kicin ɗaya. Isa ya buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda ake ajiye sabulu, ya jawo wata gorar ruwan sha, ruwan cikinta garau, kusan rabi. Babu rubutu a jikinta. Jikokin maigidan kullum a kicin ɗin nan suke rarrafe, kabad ɗin kuma ba shi da makulli. Na naɗe gorar cikin leda, na sa a bokiti mai murfi, na rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa guba ce, na ajiye a ƙarƙashin gadona. Daren nan abin da nake ta gani shi ne fuskar wani mutum da ban sani ba, a wani gari da ban taɓa zuwa ba, ya ɗaga kofi.

Da safe na shiga motar gona da bokitina tsakanin ƙafafu. Wani ɗan Poland da muke aiki tare ya tambaya ko abincin rana ne, aka yi dariya. Isa bai yi ba. Muka isa, ma'aikatan girbi sun taru, Mista Roger yana raba aiki. Na dubi Isa. Ya ɗaure igiyar takalminsa. Mista Roger ya gama, ya juya zai tafi ɗakin busarwa, na sake duban Isa. Ya ɗauki safar hannu ya bi bayan tarakta. Na bi su a ƙafa har bakin yankin, ina cewa a raina zai tsaya a bakin ƙofa, zai tsaya a bakin shinge. Direban ya saita injin a layin farko ya kunna. Mata biyu masu tsintar ganye suka matso da hannu tsirara. A nan na shiga gaban taraktar na ɗaga hannu.

Direban ya zage ni ya kashe injin. Aka kira Mista Roger. A gaban kowa na ajiye bokitin, na buɗe, na gaya masa abin da ke ciki da inda ya shiga. Turancina ba mai yawa ba ne, amma a ranar bai gaza ni ba. Bai yi ihu ba. Fuskarsa ce ta yi fari kamar takarda. Ya ce wa matan su je su wanke hannu da sabulu, kowa ya fita daga yankin. Sannan ya juya wurin Isa.

"Sau nawa?"

Isa ya ce bai ƙirga ba.

"Mene ne sunan maganin?"

Muka ce ba shi da suna.

"A ina kake wanke famfon?"

Isa ya nuna rafi. Mista Roger ya rufe ido. Tumakin maƙwabcinsa a rafin nan suke sha, kuma can ƙasa akwai gidaje da yara ke wasa a bakin ruwan. Ya ciro waya, a tsaye a nan cikin gona ya fara kira, farko maƙwabcin, sannan hukuma. Da ya gama ya ce wa ɗansa ya ɗauki Isa ya kai shi sashen gaggawa na asibiti yanzu, ya tafi da hoton gorar. Isa ya wuce ta gabana zai shiga mota, ya tsaya.

"Yaya Haruna, ka gama da ni."

Tun ranar bai ƙara ce min Sajan ba.

Makonnin da suka biyo baya ba na fatan su ga maƙiyi. Mutanen hukuma suka zo da fararen riguna, suka ɗebi ganye da fure da ƙasa da ruwa. Aka zagaye yankin da jar igiyar leda. Aka dakatar da fitar da komai daga gonar har sai sakamako ya fito, ga fure yana wuce nuna a kan igiya, Mista Roger yana yawo tsakanin layuka hannu a baya. Aka yi min tambayoyi a wani ƙaramin ofis, yaushe na sani, me ya sa ban lura da wuri ba, me ya haɗa ni da shi. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Ina jiran a ce an ga tunkiya a mace, ko an kai wani yaro asibiti, ko an zo tafiya da Isa, ko da ni. Asibiti suka riƙe Isa, suka ce gubar ta shiga jininsa, da ya ƙara feshi ko biyu ne da labarin ya canza. Daga baya sakamakon gona ya fito. Sauran yankunan babu komai, aka bar su suka fita. Tumaki ba su mutu ba, sai dai an ce ƙananan halittun ruwa sun ƙare a wannan ɓangaren rafin. Yankin Isa aka yanke shi kaf aka tafi da shi aka ƙone.

Ina wurin lokacin da aka tone wasu gindin don a duba. Mista Roger ya tsaga ɗaya ya nuna min. Ramuka ne a ciki kamar gidan tururuwa, babu ko gawar tsutsa ɗaya. Ta ci ta ƙoshi ta shiga ƙasa abinta tun tuni. Duk gorar nan da kawunku ya juye, da lafiyarsa da aikinsa, ya kashe ladybird da ƙudan zuma da halittun rafi, abin da ya je kashewa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Da kaka ta yi Mista Roger ya ba ni injin yankan ciyawa, na bi bakin shinge da bakin rafi na aske su, na kwashe na kai nesa. Da bazara tsiron da ya yanƙwane a wurin bai cika hannu ba. Aikin yini biyu ne.

Isa bai shiga kurkuku ba. Mista Roger ya gaya wa hukuma cewa jahilci ne da tsoro, ba mugunta ba, aka yi masa gargaɗi mai tsanani. Amma aikin ya tafi, takardun suka bi shi. Shekarun da ya yi yana kwana a falon abokai, yana zarya wurin lauyoyi, yana ɓuya in an ƙwanƙwasa ƙofa, ba ƙarya yake muku ba, haka aka yi. Na aika masa da abin da zan iya ta hannun mahaifiyarku, ya dawo da shi. A ƙarshe Allah ya warware masa, ya yi aure, ya zauna a Erdington can Birmingham, yana tuƙa bas. Hannunsa na dama har yau yana ɗan rawa in zai ɗauki kofin shayi.

Mahaifiyarku ta yi hunturun nan gaba ɗaya ba ta ce min komai ba sai ga abinci, ga takardar harajin gida, Abdul na son takalmi. Uwarsu ta rasu a gida Isa bai iya zuwa ba, don in ya fita ba zai dawo ba. Wannan ma a kaina aka ɗora, kuma na ɗauka. Sai bayan shekaru, tana kwance cikin ciwon da ya tafi da ita, ina gyara mata matashi, ta tayar da maganar ba tare da na tambaya ba.

"Malam, da ba ka faɗa ba, da na raina ka har in mutu. Amma da ka ja Baturen gefe. A gaban mutane ka tsiraita min ƙane."

Na ce mata injin ya riga ya tashi. Ta ce ta sani. Ranar jana'izarta Isa ya zo Manchester, ya tsaya a sahun baya, ya gaisa da kowa ya tsallake ni. Na ga yadda ku biyu kuka ɗaure fuska, kuma na san tun ranar ba ku ƙara ɗaga wayarsa ba. Kun daina jin haushina kun koma jin nasa, ba tare da kun san kan labarin ba.

To, yanzu kun sani, kuma ga abin da nake so. Ummi, Abdul, ba na neman ku yanke hukunci tsakanina da kawunku, ba ku kai ba. Yaro ne da tsoro ya kama a ƙasar da ba tasa ba, ya kai hannu ga abin da ya sani daga gida. Ni kuma ko yau aka kunna injin nan zan sake shiga gabansa. Amma duk ƙasar nan bayan ku, babu wanda ya rage mai jinin uwarku sai shi. Ku shiga mota ku je Erdington, ku tafi da yaranku. Ku cire takalmi a ƙofa, ku durƙusa, ku gaishe shi da Hausa ko da gurguwa ce. Kada ku kai masa wannan rubutu, kada ku ambaci gona, kada ku ce ni na aiko ku. In ya zage ni ku yi shiru ku sha shayinsa. Ranar da tawa ta zo kuma, kafin ku kira liman, ku kira shi. Ku ce masa akwai wuri a sahun gaba. In ya ce ba zai zo ba, ku ce masa to, ku koma gaishe shi ranar Sallah.